Tukunyar Shabbat Ta Tafi Gidan Wani

Tunis, Lahadi, 17 ga watan Tebet

Zuwa ga Halti Gazala, 'yar'uwar mahaifiyata, a Hara Kabira, tsibirin Jarba.

Ina sumbatar hannunki. Ina fata kina lafiya, da Ammi Hamus mijinki, ya gwiwarsa? Ni lafiyata lau, sai tarin nan na sanyin Tunis da ya ƙi sakina.

Yau Lahadi, kin kuwa san halina da Lahadi tun ina yaro. Maigida Gaston ya buɗe shago da fuskar nan tasa ta farkon mako, ya zube mini zobba arba'in a gaba, wai a goge su kafin Talata. Na ɗauki magagari hannuna na ƙi. Jiya warhaka ina sanye da farar riga ina rera waƙar Shabbat, ranar hutunmu, yau ga ni cikin hayaƙin zugazugi. A nan ko ƙahon shigar Shabbat da Rebbi, malamin majami'armu, ke busawa a kan soro ran Juma'a babu, sai dai mutum ya dubi agogo. Amma wannan makon ba ƙorafi na zo yi ba. Bari in fara da mai daɗin.

Halti, jiya na ci abincin da ban taɓa cin irinsa ba tun rasuwar Ummi mahaifiyata! Girkin Shabbat mai kwana a tanderu, tafinar sha'ir ce irin tamu ta gida, ba ta mutanen Tunis mai baƙin alayyafo ba. Sha'ir ya narke, ƙwai sun yi ja har cikin gwaiduwa, ga ƙashin gwiwar saniya mai ɓargo, ga dabino uku a ƙasa sun zama zuma. Loma ɗaya na yi na ajiye cokali, hawaye suka zo mini. Wallahi mai wannan hannun ta gama da ni. Tun jiya ba na tunanin kowa sai ita. Juma'a ta yi mini nisa ƙwarai, don na yi niyyar in tsaya a ƙofar gidan burodi har sai ta zo. Kwana biyar cur! Ban san yadda zan yi da su ba.

Wannan takardar ta cika, bari in ɗauki wata.

To ga marar daɗin, ki zauna kafin Ammi Hamus ya karanta miki. Ban san matar ba, ban ma taɓa ganinta ba. Kin san kowace Juma'a ina kai tukunyata tanderun Ammi Bashir mai burodi, kamar kowa a unguwa, ta kwana cikin garwashi, tunda ba a hura wuta ran Shabbat. Jiya na daɗe a majami'a, da na isa tanderu kowa ya ɗauki tasa, saura guda ɗaya a kan dakali. Duk tukwane in sun kwana a wuta baƙaƙe ne. Na naɗe ta da tawul na kai ɗaki. Sai da na ɓamɓare ƙullun bakin murfi na ga ba tawa ba ce.

Halti, wani ya tafi da tukunyar Ummi. Ta maginan garin Gallala ɗin nan mai kunne biyu, wadda kika naɗe mini da bargo ranar da zan taso, kika ce ita kaɗai ta rage daga ɗakin girkinta, in na fasa ta kada in sake tako Jarba. Ban fasa ba, amma ba ta hannuna.

Abin kunyar kuma, kin san abin da ke cikin tawa? Sha'ir, albasa ɗaya, ƙwai biyu, da ƙashin da ko kare zai yi masa kallon raini. Wani gida sun yi addu'a a kan ruwan inabi, sun buɗe murfi gaban baƙi, sun tarar da girkin gwauro. In na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Amma ki kwantar da hankalinki. Mai ita dole ta dawo neman tata ran Juma'a, mu yi musaya, a yi dariya a watse.

Ɗanki, Fraji

Tunis, Lahadi, 24 ga Tebet

Halti Gazala,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarki ba, na ce ko fushi ne, ko kuwa kwale-kwalen mashigar Ajim ne iska ta hana shi tsallakowa da wasiƙu.

Wannan makon ya ja ƙafa kamar an ɗaura masa dutse. Litinin na ƙona yatsa. Laraba na liƙa dutsen zobe a juye, Maigida Gaston ya ɗaga shi sama yana nuna wa kowa, wai, “Ku zo ku ga aikin ɗan Jarba, jikinsa na nan, ransa na cikin tukunya!” Ni dai ƙirgata nake yi, saura uku, saura biyu.

Ran Juma'a na roƙe shi ya sake ni da sha biyu. Ya ce, “Kai, Shabbat ɗin taka daban ce da tamu? Ƙarfe biyu kowa ke tashi.” Biyu na bugawa na zura da gudu, rungume da tukunyar matar nan, na wanke ta tas na zuba nawa girkin a ciki. Na tarar mata sun kusa gama kawo nasu. Na tsaya ina leƙen hannun kowace, har wata ta ce, “Ɗan nan, mata kake nema ko sata?” Ammi Bashir ya bar ni na duba cikin tanderu da kaina, tukunya sittin da wani abu. Ta Ummi ba ta ciki. Babu kuma wadda ta zo cigiyar tata.

Na ce, “Ammi Bashir, kai da ka san tukunyar kowa?”

Ya ce, “Da can na sani, ɗana. Yanzu kowane mako gida biyu uku sun hau jirgin ruwan Marsiliya, wasu sun taho daga ƙauye sun maye ɗakunansu. Ni kaina baƙo na zama a bakin tanderuna.”

Maganar jirgin nan ita ta fi damuna. In waɗanda suka ɗauki tawa suna cikin masu tafiya fa? Ai tukunyar Ummi sai dai in ji labarinta a Faransa.

Abu ɗaya na manta ban gaya miki ba. Ƙullun da ta liƙe murfinta da shi, ba shafa shi kawai ta yi ba. Ta danna babban yatsa sau uku, ta tsunkule, ta sake danna uku, ta tsunkule, har ya zagaye. Ban taɓa ganin mai ɓata lokaci a kan ƙullun da za a fasa gobe ba.

Juma'a mai zuwa zan sake tsayawa. Jikina na ba ni wannan karon za ta zo.

Fraji

Hara Kabira, Litinin, 25 ga Tebet

Zuwa ga Fraji ɗan marigayiya Mas'uda.

Muna lafiya. Gwiwar Hamus tana nan yadda ka bar ta, bakinsa kuma ya fi da lafiya. Tarin nan ka sha zuma da man zaitun da safe, ka daina yawo ba hula.

Takardarka ta ranar sha bakwai ta iso, Hamus ya karanta mini ita sau biyu. To, sannu ango! Wata takwas a birni har an “gama da kai”? Ka ci abincin hannunta, ka yi kuka a kan cokali, kana jiran ta a ƙofar gidan burodi kamar mai jiran sadaka, amma ko sunan ubanta ba ka iya rubuta mini ba. 'Yar gidan wa ce? Su waye kakanninta? Uwarta ta san kana shiga gidansu ran Shabbat, ko ta taga ake miƙo maka?

Ni da mahaifiyarka kakanninmu ɗaya, a tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe. Da tana jinya ta kama hannuna ta ce in tsaya maka ranar aurenka. Yanzu sai in ji a takarda? Ban yi barcin kirki ba, rabi haushi, rabi murna, don ba zan ɓoye maka ba, yarinyar da ta iya tafinar sha'ir a Tunis ba daga banzan gida ta fito ba. Na riga na faɗa wa matar Rebbi, ita kaɗai. Sai maƙwabciyarmu da ta ga ina dariya ni ɗaya. Sai masu wanki a bakin rijiya, su ma don sun matsa ne.

Ka ji sharaɗina. Tukunyar mahaifiyarka kada ka kuskura ka kai ta gidan yarinyar nan kafin a ɗaura. Sai an gama biki, ni da hannuna zan miƙa mata, in nuna mata yadda ake riƙe ta. Ka ajiye ta inda ba za ta faɗo ba.

Ka aiko da suna maza, in san irin zanen da zan fara tanada.

Haltinka Gazala

Mai rubutu Hamus na gaishe ka. Abin da aka ce in rubuta na rubuta, ba ruwana.

Tunis, Lahadi, 2 ga watan Shebat

Halti,

Ina gaisuwa. Wace yarinya? Wane ango? Na karanta wasiƙarki a shago na saki baki, har Maigida Gaston ya ce ko rasuwa aka yi. Takarda biyu na sa cikin ambulan ɗin nan, biyu! Ki sa Ammi Hamus ya zazzage aljihunsa. Don Allah ki je bakin rijiya ki janye maganar nan kafin a fara yi mini guɗa.

Juma'ar nan ma ba ta zo ba. Na tsaya har Ammi Bashir ya rufe bakin tanderu da laka, sai da na yi gudu kafin rana ta faɗi. Shekaranjiya wani jirgin ya tashi. Na ci abincina ni kaɗai a kan akwati, daga tukunyar da ba tawa ba, na yi waƙoƙin duka da ƙarfi don kada in ji shirun ɗakin.

Ga wata Lahadin ta sake kamawa. Ban karaya ba tukuna, amma ki ce wani abu.

Fraji

Hara Kabira, Alhamis, 6 ga Shebat

Fraji,

Lafiya muke, in ban da Hamus da ya kwana biyu yana cin abincinsa a zaure. Takardar taka ta biyu tana cikin littafin addu'arsa, ya sa ta alamar shafi. Ya ce ya ga ta farko ta ƙare da magana mai daɗi, ya ɗauka shi ke nan. Shekara arba'in ina auren mutumin nan, ko tulu aka ba shi riƙo sai ya dawo da murfi kawai. Rubuta, Hamus, rubuta yadda na faɗa.

Yanzu kai. Da kana kusa da na ja kunnenka har ya kai kafaɗa. Mutum ya ɗauki tukunya bai duba kunnuwanta ba? Kakarka ce ta sayo ta a Gallala a kan jaki, shekarar da ta haifi uwarka. Na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kuma sha kunya a bakin rijiya, wannan kuwa ni na jawo wa kaina.

Amma ka buɗe kunne, don wasiƙarka ta ashirin da huɗu ta iso, kuma ka faɗi abin da ba ka san darajarsa ba. Danna uku a tsunkule, danna uku a tsunkule, wannan liƙin matan Hara Sagira ne, ƙauyen da ke gefenmu. Su kaɗai ke yin sa, don da can tanderu ɗaya muke kaiwa da su, da shi suke gane nasu. 'Yan matan yanzu ma sun daina. Dabino uku a ƙasan tukunya shi ma nasu ne, mu dabino biyu muke sawa. Saboda haka ka daina leƙen hannun 'yan matan Tunis. Tsohuwa kake nema, ta wajenmu, wadda ta kai shekaruna ko ta fi.

Kuma ka bar tsayuwa a gidan burodi kamar gunki. Mace tana iya ƙaurace wa tanderu, amma ba ta iya ƙaurace wa mahauci, don ba za ta sayi naman da ba na yankanmu ba. Ka je wurin mahautan unguwa ɗaya bayan ɗaya ran Alhamis, ka tambayi wace tsohuwa ke sayen ƙashin gwiwa tana magana da harshen Jarba.

In ka same ta ka gaishe ta da ladabi, ka mayar mata da tata, ka karɓo tamu. Kada ka dawo mini da wani labari.

Gazala

Tunis, Lahadi, 16 ga Shebat

Halti Gazala, Allah ya ƙara miki tsawon rai!

Na same ta! Na same ta! In rubutun ya karkace don sauri Ammi Hamus ya yi haƙuri, ya kuma ƙirga takardun, uku ne.

Wasiƙarki ta zo Litinin. Daga nan zuwa Alhamis ban san abin da na goge ba. Mahauci na farko ya ce bai sani ba. Na biyu ya kwashe da dariya ya ce, “Ummi Zaira kake nufi! Kullum naman mutum shida take saye, ita kuwa ita kaɗai ce a gida. In na ce ta rage sai ta ce hannunta bai iya girkin mutum ɗaya ba.” Ya kwatanta mini gidan, bayan majami'a, ƙofa mai shuɗin fenti.

Ran Juma'a biyu na bugawa na ɗauki tukunyarta na nufi can. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ɗaurin kallabinta irin naku. Tana buɗe ƙofa ta dubi abin da ke hannuna, sai ta dafa bango.

Ta ce, “Kai ne mai albasa ɗaya?”

Na ce, “Ni ne, Ummi.”

Ta ce, “Shigo. Na san za a zo.”

Halti, ga tukunyar mahaifiyata a tsakar ɗaki, an cika ta, an liƙe murfi, danna uku a tsunkule. An ɗora ta kan ɗan kaskon gawayi. Na durƙusa na shafa kunnuwanta, lafiya lau suke.

Ban tambaye ta ba, ita ta fara. Ta ce, “Ba kuskure na yi ba, ɗana, kada ka ɗora wa Bashir. Na miƙa hannu zan ɗauki tawa, sai na ga jar ƙasar Gallala a gindin wannan, inda wuta ba ta ci ba. Shekara arba'in da shida rabona da Jarba, tun da aka kawo ni aure. Na ce bari in taɓa kawai. Ban san lokacin da na iso gida da ita ba.” Ta ce ranar ta cinye girkina tas, tana ci tana kuka, tana kuma zagin wanda ya dafa. Tun daga nan ba ta sake zuwa tanderu ba don kada a gane ta. A kaskon nan take ɗorawa, gawayi ya mutu kafin gari ya waye. Shabbat uku tana cin abinci mai sanyi, a wannan hunturun, saboda tukunyarmu.

Na zo da maganganu a bakina, na yi ta shirya su tun Litinin, amma na ajiye su gefe. Na dubi rana na ga ta yi ƙasa. Na ce, “Ummi, Bashir na gab da rufe tanderu.” Na sunkuci tukunyar da zafinta cikin tawul na fita da gudu, ita tana bayana tana ihu, “A hankali, ɗan banza, kada ka girgiza mini ƙwai!” Mun tarar Ammi Bashir ya kwaɓa laka zai liƙe ƙofa. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, “Au, ashe ku ne kuka hana ni sakat wata guda!” Ya tura ta can ciki wurin da ya fi kyau.

Jiya bayan addu'ar majami'a na ɗauko, wannan karon sai da na duba kunnuwa. A gidanta muka ci. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu duk suna Marsiliya, amma har yanzu kujera shida take jerawa. Ta sa ni na yi addu'ar ruwan inabi, na gutsura burodi. Shekara uku ke nan, in ji ta, ba ta ji muryar namiji a kan teburin nan ba, sai dai ta kasa kunne ta bango ta amsa amin ɗin maƙwabta. Muka yi waƙoƙin da muryar Jarba, ta gyara mini wuri biyu. Ta san kakata! Ta ce mace ce mai faɗa. Na ce ai akwai wadda ta gada.

Na san kin ce in karɓo. Da Shabbat ta ƙare sai ta wanke ta, ta naɗe ta miƙo mini da kanta. Ni ne na ce ta bari tukuna, tunda Juma'a ma a nan zan ci, ɗaukar ta sama da ƙasa shi ke fasa tukunya. Kada ki yi fushi, idona na kanta.

Yau Maigida Gaston ya tarar da ni ina fito a kan aiki. Ya ce, “Ɗan Jarba, yau Lahadi ce fa, ko ka manta?”

Fraji

Tunis, Lahadi, 7 ga watan Adar

Halti,

Ina sumbatar hannunki. Tari ya tafi, na ma yi ƙiba, wandona ya shaida. Shirunki na mako uku na san ma'anarsa, amma dole in rubuto.

Shabbat huɗu ke nan ina ci a gidan Ummi Zaira. Alhamis in yi mata cefane, Juma'a in kai tukunya. Mako ya daina yi mini tsawo kamar da, ko kuwa ya fi tsawo, ban ma sani ba, don tun Lahadi nake jin ƙanshin.

Babban ɗanta ya aiko mata da takardun tafiya. Jirginta zai tashi kwana huɗu bayan idin Purim. Akwati biyu kawai aka yarda ta ɗauka. Ba ta roƙe ni komai ba, ko da wasa. Amma ran Alhamis na shigo da cefane ba ta ji ni ba, na tarar ta buɗe akwati tana gwada faɗinsa da tafin hannu, sannan ta je ta gwada tukunyar. Da ta gan ni sai ta rufe akwatin ta ce asu take dubawa.

Halti, ina son tukunyar nan. In na riƙe kunnuwanta hannun mahaifiyata nake ji. In ta hau jirgi na san ba zan sake ganinta ba. Amma in ta zauna, ɗakina za ta koma, kan akwati, da albasa ɗaya. A can jikoki goma sha ɗaya ne ba su taɓa ɗanɗana tafinar Jarba ba.

Ke kika ba ni amana, ba zan bayar ba sai da izininki. In kin ce a'a, a'a ce, ba kuma zan gaya mata na tambaya ba. Ki amsa da wuri, kwana goma sha ɗaya suka rage. Ammi Hamus, takarda ɗaya ce tak, ka juya bayanta ma babu komai.

Fraji

Hara Kabira, Alhamis, 11 ga Adar

Fraji ɗana,

Muna lafiya. Wasiƙarka ta zo jiya da hantsi. Na sa an karanta mini, na tashi na share tsakar gidan da na riga na share, na yi wa Hamus faɗa a kan abin da bai yi ba, sannan na dawo na ce ya ɗauko alƙalami.

Na so in ce a'a. Na riga na ga ranar da zan miƙa wa matarka ita, har na san abin da zan faɗa. Kuma ɓarauniya ce, ka gaya mata ni Gazala na ce haka, ko da shekarunta sun fi nawa.

Amma na zauna na yi ta tunani, ban tuna Shabbat ɗaya da mahaifiyarka ta buɗe tukunyar nan mutanen gida kaɗai ba. Kullum sai ta aiki mahaifinka ya tsaya a ƙofar majami'a ya kamo wanda ba shi da wurin ci. Da ta ga wata takwas ɗin da ka yi kana ci kai kaɗai a kan akwati, da ni za ta yi wa faɗa, ba kai ba. Matar nan ta zaunar da ɗan Mas'uda a teburinta. Ni ina nan nesa ban iya yi maka haka ba.

Ka ba ta. Ka ce daga Mas'uda ce, ba daga gare ni ba.

Kai za ka naɗe da hannunka, da bargon nan da na ba ka. Murfi daban, tukunya daban. Kada ta shiga akwati, 'yan dako jifa suke yi da kaya, a cinyarta za ta riƙe har Marsiliya. Ka raka ta har bakin jirgi. Kafin nan ka tambaye ta wane gida ne a unguwar ke da kujerar da ba kowa a kai, ta kai ka da kanta ta gabatar da kai, don ban yarda ka koma kan akwatin nan ba.

Kuma ka gaya mata kada surukanta na Faransa su kuskura su sa mata sabulu. Ruwan zafi da toka kawai. Shekara sittin ba ta taɓa ganin sabulu ba.

Haltinka Gazala

Hamus ne. Ta ce kada in rubuta cewa tana kuka, to ban rubuta ba.